Yadda ake magance gargaɗin manhajar binciken kod a cikin kwamfaila

Matasanmu na Agege da Idi-Araba da ke zuwa Yaba a Legas koyon rubuta manhaja, da zarar sun fara taɓa kod ɗin LLVM, tarin kayan gina kwamfaila (manhajar da ke fassara kod zuwa yaren da kwamfuta ke ganewa), gargaɗin da ke ci musu tuwo a ƙwarya shi ne na manunin (pointer, mai nuna inda bayani yake a ƙwaƙwalwar kwamfuta) da zai iya zama fanko, wato nullptr.

Fara da gini, wato haɗa kod ɗin ya zama manhaja mai gudana. Kunna cmake, mai shirya ginin, ta cikin scan-build, mai gudanar da binciken kod yayin gini, ka saka -DLLVM_ENABLE_ASSERTIONS=ON, sannan ka kunna ninja, mai yin ginin kansa, shi ma ta cikin scan-build. Manhajar binciken Clang, kwamfailar C da C++ ta LLVM, tana ɗaukar kowane assert (layin da ke tsayar da manhaja idan sharaɗin da aka rubuta bai cika ba) a matsayin hujja, sai ta watsar da hanyoyin da ba za su yiwu ba. Idan aka gina da NDEBUG, alamar da ke kashe assert, duk assert ɗin sun ɓace, gargaɗin ƙarya ya yi maka yawa. In kwamfutarka tokunbo ce ta kasuwar Ikeja mai RAM 8GB, ƙara -DLLVM_PARALLEL_LINK_JOBS=1 don rage cin RAM, kuma ka cika batir kafin a ɗauke wuta, domin aikin yana cin awanni.

Buɗe rahoton da scan-view, ka bi hanyar layi-layi har ka gane inda fankon ya samo asali. Nan ne aikin yake: shin abin zai iya faruwa da gaske?

Sau da yawa za ka tarar an kira dyn_cast, wanda ke dawo da fanko idan abin ba na nau'in da aka nema ba ne, aka yi amfani da sakamakon ba tare da dubawa ba. Idan nau'in tabbatacce ne, mayar da shi cast, wanda ke ɗauke da nasa assert. Idan sharaɗi ne da tsarin kwamfailar ya lamunce, rubuta assert tare da jimlar da ke faɗin dalili. Reshen da ba a taɓa isa gare shi ba, sa masa llvm_unreachable. A GCC, wata kwamfailar daban, gcc_assert da gcc_unreachable ke wannan aiki.

Amma idan gurɓataccen kod ɗin mai amfani zai iya jawo fankon, assert ba magani ba ne, rufa-rufa ce. Dole kwamfaila ta fitar da saƙon kuskure, kada ta faɗi.

Kar ka kuskura ka sa abin da ke canza ƙima a cikin assert, domin a ginin da ake rabawa jama'a layin ba ya gudana. Sunan ƙima (variable) da assert kaɗai ke amfani da shi kuma, yi masa alamar maybe_unused, don kada kwamfaila ta yi gargaɗin cewa ba a yi amfani da shi ba. Daga nan ka kunna ninja check-llvm, mai gudanar da gwaje-gwajen LLVM, kafin ka tura gyaran.