Yadda na haɗa sauna ta infirared a gida, da abin da zaka sani kafin ka sayi katako

Tunda abokai suka ji cewa na haɗa sauna a bayan gidana a Jos, tambaya ɗaya ake ta min, wai mutumin da ke Najeriya me zai yi da ɗakin zafi, ai zafin da Allah ya bamu ma ya isa. To duk mai faɗin haka bai taɓa kwana a Jos a watan Disamba ko Janairu ba, lokacin da sanyin dare ke sauka kusan digiri 10, ka tashi asuba ruwan buta kamar ƙanƙara, baya ya riƙe ruku'u ma sai da dabara. Ni ciwon baya ne ya kai ni. Kuma in ka duba abin ba baƙo bane a wajenmu, ɗan uwan sirace ne da iyayenmu ke yi da tukunya da bargo, wannan dai babu tururi.

Sauna ta asali ta mutanen Finlan ce, ƙasar da jama'arta miliyan biyar da rabi ne da 'yan kai amma suna da sauna wajen miliyan 3, har UNESCO ta sa al'adar cikin kayan gadon duniya a 2020. Tasu murhu ne da duwatsu, a gasa iskar ɗakin ta kai digiri 80 har 100, ana watsa ruwa kan duwatsun. Ita ta infirared iskar ciki tsakanin 45 ne da 60, zafin daga hita yake tahowa ya sauka kan fatarka kai tsaye, kamar yadda kake jin garwashi a fuska in ka tsaya gaban mai tsire ko da iska na kaɗawa. Shi yasa na zaɓe ta, wuta kaɗan take sha, murhun lantarki irin na Finlan galibi yana wuce kilowat 4, wace mita ce zata jure wannan.

Abu na farko, kuma wallahi shine rabin aikin, kar ka gina babba. Zuciya zata ce maka ai ka yi wanda ku huɗu zaku zauna ana hira, kar ka biye mata. Duk faɗin da ka ƙara sai ka ƙara hita, kuma hita in ta yi nisa da jiki amfaninta ya ragu. Tawa faɗinta santimita 120 ne, zurfi 105, tsayi 190, mutum ɗaya ya sake, biyu su matsu. Rufin kar ya yi sama da yawa don zafi sama yake gudu. Wajen da zaka sa ta ya zama busasshe mai siminti ko tayil, ni kusurwar sito na gyara. Kar ka kai ta banɗaki inda ruwa ke fantsama.

Sai lissafin wuta, kuma a yi shi kafin a kira kafinta. Ɗaki irin nawa yana son wat 1500 zuwa 1800. Nawa 1600 ne, a wutar mu ta bolt 230 kaga yana jan amfiya wajen 7 kenan, awa ɗaya kuma yunit ɗaya da rabi da ɗan ɗoriya a mita. Ƙaramin janareta ɗin nan na na-fi-maƙwabcina ko wat dubu baya kaiwa, kar ma ka gwada, sai mai kVA 2.5 zuwa sama, shima ka kashe firij da dutsen guga. Inbata kuma in batiranka ba masu yawa bane zaka kwana a duhu. Ni dai sai an kawo wuta nake kunnawa, shi yasa wani lokaci gumin nawa ƙarfe sha ɗayan dare ne.

Hita iri uku ce. Akwai faifan kabon, baƙi ne shafal mai faɗi, zafinsa a hankali yake kuma a baje, shi ya fi daɗin zama. Akwai sandar tangaran, ta fi saurin ɗauka amma zafinta waje ɗaya take tarawa, inda ke saitinta ya gasu gefe kuma shiru. Sai jan ƙwan nan mai wat 250 wanda masu kiwon kaji ke ɗumama 'yan tsaki da shi, guda huɗu wat dubu kenan, shine hanyar talaka kuma yana aiki. In shi zaka yi to abu uku: mazaunin ƙwan ya zama na tangaran, a sa masa ragar ƙarfe a gaba don ɗigon gumi ɗaya kan ƙwai mai zafi na iya fasa shi, sannan ka guji wanda aka rubuta baya tarwatsewa, galibi an shafe shi da wata irin roba ce da ake kira Teflon kuma in ya yi zafi yana fitar da hayaƙi mai cutarwa. Ka zauna nesa da shi kamar kamu ɗaya zuwa santimita 60, kana juyawa, kar ka ƙura masa ido. Ni kabon na yi oda aka kawo min ta Legas: biyu a baya masu wat 300, ɗaya kowane gefe shima 300, ɗaya a gaban benci saitin sha-raɓa, ɗaya gefen ƙofa, waɗannan biyun 200 kowanne. Ka tabbatar na 220 zuwa 240 ne, na kasuwar Amurka yawanci 120 ne, ka jona shi nan take zai ƙone.

Yanzu katako, nan ne abin dariyar. Na ɓata sati biyu ina neman yadda zan samo katakon itacen sida irin wanda ake nunawa a hotunan Kanada, sai daga baya na gano ashe bencin sauna masu tsada a Turai da katakonmu ake yi. Obece dai da kafintocinmu suka raina, wanda 'yan Ghana ke kira wawa, 'yan Kamaru ayus, Turawa kuma su ce abaci. Dalili kuwa bashi da nauyi, baya riƙe zafi ballantana ya ƙona maka cinya, baya fitar da ƙaro, kuma bashi da kulli. Da na faɗa wa kafintana a kasuwar Katako sai ya ajiye zarto ya dube ni yace "Alhaji obece fa kace? Wanda muke akwatin kaya da shi?" Nace shi fa Malam, shi nake so.

Amma ka sayi busasshe. Nan na yi asara. Kashin farko da aka kawo min ashe ɗanye ne, an goge shi ya yi kyau ba zaka gane ba, muka kafa, sati uku ana kunna hita sai allunan suka tsuke, tsakaninsu ya buɗe har kana zura ɗan yatsa ƙarami kana hango takardar alminiyam ɗin da ke baya. Dole muka ɓalle bango biyu. Yanzu shawarata ka saya ka jera a inuwa da 'yan sanduna tsakanin kowane layi, ka barshi ya sha iskar hunturu wata guda ko fi. Kuma obece ƙwaro na sonsa, wasu masu katako suna fesa masa magani, ka tambaya ka kuma sansana, in yana warin magani barshi. Haka filawud da MDF kar su shiga ciki, gam ɗin da aka manna su da shi yana tashi in ya ji zafi. Fenti babu, banish babu, a goge da sanfefa kawai a barshi yadda Allah ya yi shi.

Ginin kansa ba wuya. A yi firam da katako 2 bai 2 ko 2 bai 3, a cusa audugar gilashi ko ta dutse mai kaurin santimita 5 tsakanin sandunan da kuma saman rufi, rufin ma ya fi muhimmanci. Kar a sa farin soson nan da ke zuwa cikin kwalin talabijin. A bi da takardar alminiyam, gefen mai ƙyalli na kallon ciki, a liƙe mahaɗar da tef na alminiyam, sannan a kafa allunan masu shiga cikin juna. Benci tsayinsa santimita 45, faɗi 50, a bar 'yar tazara tsakanin allunansa. A ɗaure shi da sukuru ta ƙasa, don kan ƙusa ɗaya da aka bari a fili a majingina sai da ya yi min tambari a kafaɗa kamar kwabo. Gaban kowane faifan hita a yi masa shinge na siraran katako yadda baya ba zai taɓa shi ba. A bar ƙaramar kafar iska a ƙasa, wata a sama ɗaya gefen.

Ƙofa waje take buɗewa, kuma babu sakata babu kwaɗo, maganaɗisu kawai wanda in ka tura da kafaɗa zai saki, saboda in jiri ya ɗebe ka ba lokacin neman makulli bane. In zaka sa gilashi to wanda aka gasa ne mai milimita 8, irin wanda in ya fashe yake zama tsakuwa.

Wayarin kuma don Allah a nemo wanda ya san aikinsa, kuma ka tsaya a kansa. Layi nata daban daga allon rarraba wuta, waya 2.5, bireka mai amfiya 16, da na'urar nan RCD mai miliamfiya 30 da ke yanke wuta in ta fara bin jikin mutum, da atin na gaske wanda aka binne sandarsa a ƙasa, ka tuna jiƙe zaka kasance sharkaf kuma ba takalmi. Wayoyin da ke bi ta cikin bango su zama masu rigar silikon. Mai wayarin ɗina na farko yace min "Oga duk waya waya ce", ya ja ta talakawa ta bayan hita, rana ta biyu na ji ƙaurin roba, muka buɗe mun tarar rigar ta yi laushi kamar cingam. Akwatin sarrafawa a ɗora shi saman rufi ta waje, a haɗa da tamostat mai daidaita zafi, bakinsa mai jin zafi na rataye kusa da rufi nesa da hita, da taima mai kashewa da kanta bayan awa ɗaya, da fis ɗin zafi na ko-ta-kwana.

In an gama kar ka yi zumuɗin shiga. Kunna ta babu kowa, awa ɗaya, sau biyu ko uku, ƙofa a ɗan buɗe, kana zagayawa kana sansanawa kana taɓa soket da bireka ko sun yi zafi. Sannan ranar farko minti 10 zuwa 15 a digiri 45 ya isa, a hankali ka kai rabin awa. Sha ruwa kafin da bayan, shimfiɗa tawul a benci don gumi na ɓata obece, zobe da agogo a cire su. Masu tallan abin zasu ce maka yana fitar da guba yana narkar da teɓa, aikin fitar da guba na ƙoda ne da hanta, kilo ɗin da ka rage kuma ruwa ne, kana sha zai dawo. Ni abin da na gani shine bayana yana saki kuma ina barci mai nauyi. Mai ciki, mai ciwon zuciya, mai hawan jini ko wanda jininsa ke sauka, a fara ganin likita, haka wanda ke neman haihuwa don yawan zafi na rage ƙwayoyin maniyyi na ɗan lokaci. Yara kar su shiga su kaɗai, tawa makunninta na sama inda hannunsu baya kaiwa. Da azumi kuma ban taɓa kunna ta da rana ba, sai bayan tarawihi, shima in NEPA ta ga dama.