Babi na 7: Agogo Mai Wani da Yadda Ake Kula da Shi

Iyayena da yayyena, agogon da za mu duba yau ba ya cin batir. Sifirin ne naɗe a cikinsa, in an wana shi sai ya riƙa warwarewa a hankali yana tura wasu 'yan faifai masu haƙora. Ku kara shi a kunne. Wannan ƙas-ƙas ɗin, a Seiko 5 na Japan irin wanda iyayenmu suka ɗaura, sau 6 yake bugawa duk daƙiƙa. In mai gyara ya buɗe bayansa za ku ga 'yan jajayen duwatsu, wani 17 wani 21, ba don ado aka sa su ba, a kansu ƙarafan ke juyawa don kar su cinye. Ni dai har yau kallonsu bai ishe ni ba.

Darasi na 1: Wana agogo

Fara cire agogon daga hannu. Ga ɗan kai nan a gefe, kama shi da babban yatsa da manuni, murza shi gaba a hankali. Da ka ji ya yi tauri, tsaya. Taurin nan yana nufin sifirin ya cika. Kar ka ce bari in ƙara ɗaya, tsaya kawai. Ba komai in ka ji tsoro da farko, kowa haka ya fara. Sake gwadawa: cire, murza, ya yi tauri, tsaya. Madalla. Amma fa wallahi sau nawa zan faɗa, makon jiya wani ya murza da ƙarfi kamar mai ɗaure kayan jaki har sifirin ya tsinke, ya zo yana cewa agogon ne jabu. Ba jabu ba ne, kai ne ba ka tsaya ba. In ya yi tauri, a tsaya! Wana shi sau ɗaya kullum da safe ya isa. Shi tsohon Seiko 5 motsin hannu ke wana shi, in ya mutu girgiza shi ake.

Darasi na 2: Ruwa da ƙura

A cire shi in za a yi alwala. Kar a ajiye shi kan rediyo ko sifika, mayen ƙarfen ciki na sa shi gudu. Kar ku buɗe bayansa, balle da hunturu.

Darasi na 3: Mai

Duk shekara 4 ko 5 a kai wa mai gyara ya wanke ya sa mai. Ban da man keke.