Darasi na 9: Shirye-shiryen Saurare a Waya Don Iyaye da Yara

Fodkas shiri ne irin na rediyo, sai dai an ajiye shi a intanet. Ba ya wuce mutum. Uwa na iya sauke shi a waya, ta kunna bayan sallar isha'i, ta tsayar in jariri ya yi kuka, ta ci gaba daga inda ta tsaya.

Wanne za a saurara?

Yawancin na Hausa manya aka yi wa. Lafiya Zinariya na BBC Hausa yana magana kan lafiyar mata; na iyaye ne, kuma akwai batutuwan da ba a kunnawa gaban yara. RFI Hausa tana da Ilimi Hasken Rayuwa, kan sha'anin karatu. Ga ’yan makarantar sakandare kuwa, Ji Ka Ƙaru na DW ya fi dacewa, domin da wasan kwaikwayo yake koyarwa, kuma yaro ya fi riƙe abin da ya ji a bakin ɗan wasa. Na ƙananan yara ba su da yawa. Idan ba a samu ba, a ɗauki muryar kaka tana tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, a ajiye a waya.

Ko wane shiri ne, uba ko uwa su fara saurara tukuna. Sunan shiri ba ya nuna abin da ke cikinsa.

Yadda ake saukewa

Buɗe shafin gidan rediyon, ko manhaja irin Spotify. Rubuta sunan shirin a wurin bincike. Danna alamar kibiya mai kallon ƙasa. Shirin minti 30 yakan ci megabayit 15 zuwa 30, bai kai abin da bidiyo ke cinyewa ba. Da zarar ya sauka, ko data ta ƙare zai yi magana.

A kunna a lasifika kowa ya ji. In yaro zai sa abin kunne, kada ƙarar ta wuce kashi 60 cikin 100, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara. In an gama, a tambaye shi: "Me ka ji? Wa ya yi daidai?"

Aiki

1. Rubuta sunan shiri ɗaya na iyaye.
2. Sauke shiri ɗaya, ka faɗa wa aji abin da ya ƙunsa.