Zanen Baƙi da Fari: Yaushe Za a Sa Masa Launi, Yaushe Za a Ƙyale Shi?

Mai zane yakan gama aikinsa da tawada ko fensir, zanen ya fito yadda yake so, sai zuciya ta fara raya masa cewa da an ɗan sa launi da ya fi haka kyau. Wani lokaci gaskiya ne. Sau da yawa kuma launin ne ke lalata aikin, kuma in ya riga ya hau takarda sai dai haƙuri. Saboda haka kafin ka tsoma burushi, ka tambayi kanka: wane aiki launin zai yi wanda baƙi da fari suka kasa? Idan zai raba abubuwa biyu da suka cakuɗe wa mai kallo, ko ya nuna hantsi ne ko almuru, ko ya ja ido zuwa wuri guda, to yana da hujjar shiga. Idan kuwa amsar ita ce "zanen ya yi kamar bai ƙare ba", galibi matsalar tana cikin tsarin haske da duhu, kuma launi ba ya gyara wannan, sai ma ya ƙara tona ta.

Fara da duba yadda ka gina inuwa. Ajiye zanen nesa da kai kamar taku uku, ka ƙanƙance ido har ƙananan layuka su ɓace. Abin da ya rage shi ne ƙashin bayan zanen: inda ya yi fari, inda ya yi baƙi, da tsaka-tsakinsu. In ka ga waɗannan uku sun rabu sarai, kuma ka yi inuwar da saƙar layuka masu yawa, wasu a kan wasu, to zanen ya riga ya cika. Karkandar da Albrecht Dürer, mai zanen Jamus, ya zana a 1515 misali ce: layuka kaɗai suka ba da kaurin fata da nauyin dabbar, babu gurbin da ya rage wa launi. Irin wannan zane farin takardar da ke leƙowa tsakanin layuka shi ne haskensa. Da zarar ka shafe shi da shuɗi ko ja mai ƙarfi, farin ya tafi, layukan suka nutse, wurin ya dagule.

Akasin haka shi ne zanen da layinsa tsaf yake, kaurinsa ɗaya, fili ya yi yawa a ciki, inuwa kaɗan ko babu. Salon da aka san Hergé, mai zanen labaran Tintin na ƙasar Beljiyam, da shi ke nan, layi bayyananne da launi shimfiɗaɗɗe a cikinsa. Zane irin wannan yana karɓar launi cikin sauƙi, har ma yakan zama fayau in babu shi.

Sai batun inda zanen zai je. In za a buga shi a littafi da baƙar tawada kaɗai, ko a yi ta fotokwafinsa, launin zai koma toka-toka, kuma ja da kore masu duhu ɗaya za su haɗe su zama abu guda. Bugu mai launi ya fi tsada domin da tawada huɗu ake yin sa, kuma shuɗi da kore masu ƙyalli da kake gani a allon kwamfuta sukan dusashe a takarda. Zanen da za a riƙa gani ƙarami a waya kuwa, launi na taimakonsa, domin siraran layuka suna ɓacewa in an ƙanƙantar da hoto.

Ko da ka yanke shawara, kada ka gwada a kan asalin zanen. Ɗauki hotonsa da sikana, wato na'urar kwafe hoto zuwa kwamfuta, dpi 600 (yawan ɗigo a kowane inci) in na tawada ne, domin layin ya fita da kaifinsa; na fensir ko gawayi dpi 300 ya wadatar. In babu sikana, waya ma ta yi, muddin ka shimfiɗa zanen kusa da taga inda rana ba ta dukansa kai tsaye, ka riƙe wayar daidai samansa don kada gefuna su karkace. Daga nan ka buga ƙanana guda huɗu a takarda ɗaya. Na farko ka bar shi yadda yake. Na biyu ka sa launi ɗaya tak a wuri ɗaya. Na uku launi biyu ko uku. Na huɗu ka cika shi duka. Kada ka ɓata fiye da minti goma a kowanne, domin ba kyau ake nema ba, hukunci ake nema. Firinta mai leza ta fi dacewa in da fentin ruwa za ka gwada, saboda tawadar firinta mai feshi takan malale in ta ji ruwa.

In a kwamfuta za ka yi gwajin, buɗe hoton a manhajar zane kamar Krita ko GIMP ko Photoshop, ka ɗora zanen a shimfiɗar sama (layer), ka mayar da yanayinta Multiply. Wannan zai sa farin takardar ya zama kamar gilashi, baƙin layin kuma ya tsaya daram. Launin ka zuba shi a wata shimfiɗa ta ƙasa, ta yadda za ka iya kunna shi ka kashe shi kana kwatantawa.

Gwajin da ya fi kowanne faɗar gaskiya shi ne ka mayar da mai launin zuwa baƙi da fari. Ɗauki hotonsa da waya, ka cire launin gaba ɗaya, ka jera shi da na asali. Kowane launi yana da nasa duhun: rawaya mai haske ce tun asali, shuɗi da shunayya masu duhu ne, ja da kore suna tsakiya. Mutum yakan sa wa rigar da ya kamata ta haskaka shuɗi mai duhu, ya sa wa bayanta ruwan ƙasa mai duhu iri ɗaya, ido ya ga launi biyu daban, amma siffar ta ɓace. Idan a hoton tokar fuska ta haɗe da bango, ko abin da kake so a fara gani ya nutse, launin ya rushe ginin da ka yi. Ko dai ka sauya duhun launukan, ko ka haƙura da su. Ka kuma bar gwajin ya kwana kafin ka zaɓa, domin sabon launi yana ruɗar ido a ranar farko.

To, a ce launi ya yi nasara, kuma a kan takardar asali kake so. A nan kayan aikin ne za su ce eh ko a'a. Tawadar alƙalamin rubutu ta yau da kullum tana narkewa da ruwa, burushi ɗaya zai ja baƙin ya shiga cikin rawayarka. Tawadar Indiya mai shelak, wani irin ƙaro da ake haɗa ta da shi, ba ta motsi da ruwa in ta bushe sosai, haka ma alƙaluman zane irin su Pigma Micron. Amma a kula: alkohol yana narkar da shelak, don haka maka irin ta Copic, wato alƙalamin launi mai alkohol, za ta iya jan tawadar Indiya ta ɓata ta, ko da ruwa bai yi mata komai ba. Hanyar sani ɗaya ce. Ja layi da wannan alƙalamin a kan guntun wannan takardar, ka bar shi ya bushe, in da hali ya kwana, sannan ka bi ta kansa da abin da za ka yi amfani da shi.

Fensir yana da tasa matsalar. Ƙurarsa tana bin bakin maka da na fensir mai launi, ta mai da rawaya da ruwan fata su yi dauɗa, shi ya sa ake danna abin gogewa mai laushi, wanda ake murzawa kamar danƙo, a ɗauke yawan ƙurar daga wuraren haske kafin a fara. Gawayi ya fi haka muni. Sai an fesa masa maganin da ke kama shi, kuma feshin in ya yi yawa fentin ruwa ba zai zauna a kai ba, sai ya tattaru ɗigo-ɗigo.

Takarda ma a duba ta. Ta firinta mai giram 80 (nauyinta a kowace murabba'in mita) za ta kumbura ta yamutse da ruwa kaɗan. Fentin ruwa yana son takarda mai giram 300. Mai giram 190 sai an jiƙa ta an ɗaure gefunanta a kan allo ta bushe a miƙe. In zanenka a siririyar takarda yake, ɗora shi a kan akwatin haske ko gilashin taga ka kwafe shi zuwa mai kauri, asalin ya zauna lafiya. Wajen shafawa ka fara da launi mai haske da ruwa-ruwa, ka tuna fentin ruwa yana ƙara haske in ya bushe. Kada ka koma kan wuri yana da danshi, kuma kada ka haɗa fiye da launi uku wuri guda, musamman masu gaba da juna kamar ja da kore ko shuɗi da ruwan lemo, domin toka mai datti suke haifarwa. Farin takardar kuma ka bar shi a wuraren da haske ya fi bugawa.

Akwai tsaka-tsaki da mutane ke mantawa da shi, kuma ga zane mai yawan inuwa shi ya fi dacewa. Launi ɗaya mai rauni, kamar ruwan ƙasa ko shuɗi da aka sirka da ruwa sosai, a shafa shi a inuwa kaɗai, yana ƙara wa zane zurfi ba tare da ya danne layuka ba. Watteau, mai zanen Faransa na ƙarni na 18, da baƙin alli da ja da fari kawai yake fitar da fuska mai rai a kan takarda mai ɗan duhu. Za ka iya kuma sa launi a abu ɗaya tak, fure ko fitila ko ɗankwali, sauran ya zauna a baƙi da fari. Sai dai ido can zai fara zuwa, saboda haka abin da ka zaɓa ya zama shi ne zuciyar zanen, kuma kada ya kasance a can gefen takarda inda zai fitar da mai kallo waje.