Yadda Za Ka Fitar da Irin Kankana Mai Jure Cutar da Darɓa Ke Yaɗawa

Manoman rani kan kawo mini ganyen kankana da ya yi dabbare-dabbare, kore da rawaya, ya kanannaɗe, suna neman maganin feshi. Nakan gaya musu gaskiya: bairos ne, feshi ba ya warkar da shi. Darɓa ke ɗauko shi, kuma cikin daƙiƙoƙi take zuba shi a ganye, kafin guba ta kashe ta. Mafita tana cikin iri.

Irin kuwa muna da shi. Masana a Amurka sun samo juriyar bairos ɗin ZYMV, ɗaya daga cikin masu kawo wannan cutar, a agushin Nijeriya, da kuma a wata kabewa da suke kira Nigerian Local. Agushi da guna 'yan'uwan kankana ne, barbara na kamawa tsakaninsu. Kabewa kam ba ta kamawa.

Ka ware 'yan kunyoyi nesa da gonar kasuwa, ka shuka agushi da guna daga wurare daban-daban, da jerin kankana mai zaƙi a tsakiya. Da ganyen farko ya buɗe, ka daka ganye mai cutar da ɗan ruwa da yashi mai laushi, ka goga a kan ganyen shukokin a hankali da yatsa. Bayan mako biyu ka duba. In kankanar ta kamu, gwajin ya yi. Tushen agushin da ya tsaya lafiya shi za ka ɗaura wa ƙyalle. Wannan goge ba ya aiki ga cututtukan farin ƙuda, su sai ƙudan da kansa.

Barbarar ce ke son natsuwa. Macen fure tana da 'yar kankana a gindinta, namiji ba shi da ita. Da yamma ka nemi waɗanda za su buɗe gobe, bakinsu ya fara rawaya, ka ɗaure da zare don kada ƙudan zuma ya riga ka. Da sassafe ka tsinke namijin agushi, ka cire fatunsa, ka shafa garin a kan macen kankana, ka sake ɗaurewa, ka yi alama.

Nan mutane da yawa ke karaya. 'Ya'yan farko na iya kamuwa duka, domin juriyar da aka gani a agushi ɓoyayyen gado ce. Kada ka zubar. Ka haɗa kowane tushe da furensa, ka shuka jikokin da yawa, ka sake gogawa: kusan ɗaya cikin huɗu zai tsira.

Yawancin waɗanda suka tsira cikinsu fari ne, ba zaƙi, wani ma da ɗaci. Sai ka mayar da su kan kankana mai zaƙi, ka maimaita haɗi da gwaji zubi da yawa, kana ɗanɗana kowane ɗa kafin ka shanya irinsa a inuwa.