Yadda za ka bi gulukos daga lomar tuwo har ya zama ATP

Na daɗe ina koyar da yaranmu na Agege bayoloji da yamma, kuma duk lokacin da WAEC ko JAMB ta ƙarato abu ɗaya nake gani. Yaro ya haddace sunaye barkatai, amma ka ce ya nuna maka ta ina gulukos ya shiga, me ya same shi a ciki, sai ya yi tsuru-tsuru. Don haka kada ka fara da hadda. Samu takarda mai faɗi, bayan tsohuwar kalanda ma ya isa, ba sai ka kashe kuɗi ba. Zana babbar da'ira, ita ce ƙwayar halitta. A cikinta ka zana wata 'yar ƙarama mai siffar wake, ita ce mitokondiriya. Komai a kan wannan zanen za ka rubuta shi, da hannunka.

Fara da shigowa. Tuwon da ka ci ya narke ya zama gulukos, ya ratsa hanji ya shiga jini. Fatar ƙwayar halitta mai maiƙo ce, gulukos ba ya keta ta da kansa, sai ta ƙofofin da ake kira GLUT. A tsoka da kitse ƙofar ita ce GLUT4, kuma yawancinta a ajiye take can ciki, sai insulin ya zo daga fankiriyas sannan a fito da ita bakin fata. Ƙwaƙwalwa da jajayen ƙwayoyin jini ba sa jiran insulin. Idan ka gane wannan, ka gane dalilin da ya sa mai ciwon suga jininsa cike yake da suga amma kullum yana kukan gajiya.

Yanzu mataki na biyu, gilaikolisis, wato farfasa gulukos, inda na ga yara sun fi faɗuwa, ni ma a nan na taɓa zubar da maki lokacin ina ɗalibi. Rubuta shi a wajen waken, cikin ruwan ƙwayar, domin ba a mitokondiriya ake yin sa ba, kuma ba ya buƙatar oksijin.

Gulukos na shigowa, sinadarin hekzokainez zai manna masa fosfet, sai ya kasa komawa ta ƙofar da ya shigo. Wannan fosfet ɗin daga ATP aka ciro shi, wato sinadarin da ke ɗauke da makamashin da ƙwayar ke aiki da shi, ka ga an kashe ɗaya. Gaba kaɗan a sake kashe na biyu. Sai a raba sukarin mai kabon 6 gida biyu, kowane ɓari kabon 3. Kowane ɓari zai ba da ATP 2, jimla 4, ya ƙare a matsayin fairubet.

A nan yaro zai rubuta cewa gilaikolisis na ba da ATP 4. Kuskure ne. Je ka tambayi mai tumatir a kasuwar Mile 12: wanda ya zuba jarin dubu biyu ya yi cinikin dubu huɗu, nawa ya ci? Ba zai taɓa ce maka dubu huɗu ba. Jari 2, ciniki 4, riba 2. Ni dokata ce, sai ka rubuta waɗannan kalmomi uku a gefen zanenka, kuma da jan biro. Ƙara NADH 2 a ƙarƙashinsu, wato masu dakon ilektiron da gilaikolisis ya samar, za a neme su a gaba. Sannan daga wurin da aka raba gulukos, ka ja layi ka rubuta "sau biyu", domin duk abin da ya biyo baya sau biyu yake faruwa a kan gulukos ɗaya. Mancewa da wannan shi ke lalata lissafin mutane da yawa.

Sauran ka shigar da su cikin waken. Fairubet ya zubar da kabon ɗaya a matsayin kabon dayoksaid, ya zama asetil-CoA, ya faɗa zagayen Krebs, wanda Hans Krebs ya bayyana a 1937. Zagaye biyu, ATP 2, da tarin NADH da FADH2. Waɗannan NADH da FADH2 su ne ke kai ilektiron ga fatar cikin mitokondiriya, inda ake samar da mafi yawan ATP, oksijin kuma ya karɓi ilektiron a ƙarshe ya zama ruwa. Tsofaffin littattafai na cewa jimlar ATP daga gulukos ɗaya 36 ko 38, sababbi na cewa 30 zuwa 32. A jarrabawa ka bi littafin da makarantarku ke amfani da shi, amma ka san duka biyun.

Idan oksijin ya yi ƙaranci, ja kibiya daga fairubet zuwa gefe. A tsokar mai dako da ke hawa gadar Oshodi da kaya a ka, fairubet na komawa laktik asid, riba ATP 2 kawai. A yis kuwa yana komawa etanol da kabon dayoksaid, iskar da ke kumbura kwaɓin burodin Agege kafin a sa shi a wuta.