Yadda na magance ruɓewar kofato a tumakina

Damina na kankama a nan Agege, tumakina suka fara ɗingishi, wasu ma a durƙushe suke cin dusa. Na duba ko ƙusa ce, babu. Ruwan gishiri ma bai yi ba. Da na buɗa tsakanin kofaton wata tunkiya sai wari ya buge ni, naman ya ruɓe.

Na ware masu ciwon, na rage kofaton da ya zarce. Na narkar da garin wani sinadari mai suna zinc sulphate kilo 1 a ruwa lita 10, kowacce ta tsaya ciki minti 15 duk mako, ta bushe kan siminti. Waɗanda ciwon ya ci sosai, likitan dabbobi ya yi musu allurar oxytetracycline, maganin kashe ƙwayoyin cuta. Sannan na ɗaga ƙasan garken da katako, don laka ce ke taimaka wa ƙwayoyin cutar su kama kofato. Alhamdu lillahi, duk sun miƙe.